Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Shiryayyen Darasi da Koya wa Yara Rubutu

Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu na firamare ya gabatar a taron reshen Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya na Ƙaramar Hukumar Ɗambatta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.



Muna godiya da aka ba mu wannan dama, alhali a cikin zauren nan akwai waɗanda suka riƙe hannunmu muka ja layin farko a littafi. Idan muka yi daidai, tarbiyyarsu ce. Idan muka yi kuskure, su gyara mana kamar yadda suka saba.

Abin da za mu yi magana a kansa yana cikin jakar kusan kowane malami da ke nan. Shi ne littafin nan na shiryayyun darussa, wanda muke kira jagoran malami. An tsara shi mako-mako, kowane mako da jigonsa: yau iyali, gobe kasuwa, jibi tsafta ko dabbobin gida. An rubuta abin da malami zai faɗa, da abin da zai rubuta a allo, da mintin da zai ɗauka a kowane mataki. Tambayarmu ɗaya ce: shin wannan littafi yana koya wa 'ya'yanmu rubutu, ko kuwa kwafi yake koya musu?

Bari mu fara da abin da ya sa tambayar ta hana mu barci.

Wata shekara, bayan an gama girbi, wata uwa ta zo makarantar da muke koyarwa, ta tsaya a bakin taga har aka tashi tara. Mijinta yana ci-rani a kudu. Wani direba zai tafi can, sai ta so ta aika masa da bayanin abin da aka kashe a gona: buhun taki nawa, ladan 'yan ƙwadago nawa, bashin wa aka biya, na wa ya rage. Ta kira ɗanta, ɗan aji biyar, ta ba shi takarda da biro. Yaro ya rubuta kwanan wata a kusurwar dama, ya ja layi a ƙarƙashi kamar yadda muka koya masa, sannan ya tsaya. Ta yi ta jira. Can ya ɗago kai ya ce, "Inna, ai ba a rubuta mana wannan a allo ba."

Ta miƙo mana littafinsa ta taga, ta ce, "Malam, ga shi cike da rubutu, ko'ina kun sa masa jan biro kun ce ya yi kyau. To, rubutun wane ne?"

Muka buɗe littafin. Hannu mai kyau, babu kanta, babu gogewa. Muka duba insha'in da ya yi a kan kasuwa: jimla biyar. Da ta tafi muka tattaro littattafan ajin, yara sun haura 80, muka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Jimla biyar ɗin nan ce a ko'ina, har waƙafin wuri guda yake. Su ne jimlolin da ke cikin jagora, waɗanda muka juya a allo, yara suka juya a littafi, mu kuma muka ba su maki. Waɗannan yara kuwa 'yan Ɗambatta ne. Ran Lahadi da yawansu a kasuwa suke wuni, wani yana kora awaki zuwa kara, wata tana tallan ƙosai, wani yana riƙe wa babansa mudu. Sun san kasuwa fiye da wanda ya rubuta littafin, amma babu ɗaya da ya rubuta abin da idonsa ya gani.

Ba mu ga laifin yaron ba. Ba mu kuma ga laifin uwar ba. Mun koma gida ran nan muna tuna karin maganar nan ta iyayenmu: kayan aro ba ya rufe katara.

Kafin mu ci gaba, adalci ne mu faɗi inda waɗannan littattafai suka fito, da amfanin da suka yi mana, don kada a ce mun ci tuwo mun fasa akushi.

Mu da muka yi kwalejin ilimi mun koyi yadda ake tsara darasi da hannu: manufa, kayan aiki, abin da yaro ya riga ya sani, gabatarwa, matakai, auna fahimta, kammalawa. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Kafin zuwan jagora, da yawa daga cikinmu tsohon littafin shirin darasi muke juyawa shekara da shekaru, mu canza kwanan wata kawai, hedimasta ya sa hannu. Wasu kuma, musamman waɗanda aka ɗauka aiki ba tare da horon koyarwa ba, suna shiga aji ne da alli kaɗai.

A wannan hali shirin ESSPIN ya same mu. Gwamnatin Birtaniya ce ta ɗauki nauyinsa, ya yi aiki daga 2008 zuwa 2017 a jihohi 6: Kano, Jigawa, Kaduna, Kwara, Legas da Inugu. Tare da Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Jiha, wato SUBEB, aka buga shiryayyun darussa na karatu da rubutu da na lissafi, aka horar da malamai a kan amfani da su. A maƙwabtanmu ma haka aka yi. A Katsina da Zamfara shirin RANA ya fito da jagoran malami da littafin ɗalibi cikin Hausa. A Bauchi da Sakkwato an yi Mu Karanta, da tallafin Amurka. A 2019 aka fara shirin KaLMA a Wudil da Dawakin Tofa, nan kusa da mu, inda ake raba yaran aji huɗu zuwa shida bisa ga abin da kowa ya iya, maimakon bisa ga ajinsa, hanyar da aka aro daga Indiya. Bayan su kuma ga shirin PLANE a Kano da Kaduna da Jigawa. A Jihar Edo, a 2018 aka fara aika wa malami darasin a kan ƙaramar kwamfutar hannu. Yau kuma, ko ba a raba maka komai ba, sai ka ga an turo shirin darasin zango guda a zauren WhatsApp, ko ka saya bugagge a shagon masu buga takardu.

Amfanin jagora a bayyane yake. Ya tsara mana haruffa daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ya nuna mana cewa yaro yana fara sanin sautin harafi, ya haɗa baƙi da wasali ya sami gaɓa, ya haɗa gaɓoɓi ya sami kalma. Ya kawo waƙa da wasa da aikin rukuni cikin azuzuwan da a da ba a jin komai sai "ku maimaita". Sabon malami da aka tura ƙauye shi kaɗai ya sami abin dogaro. Malamar da ta tashi da asuba ta yi girki ta shirya 'ya'yanta ta sami sauƙin shiri. Wanda ya ce a watsar da jagora bai taɓa riƙe aji ɗaya mai yara 100 ba.

To ina matsalar take? Tana cikin kalmar "rubutu" kanta, domin abu uku muke kira da suna ɗaya. Akwai rubutun hannu, wato iya zana harafi ya fito da kyau. Akwai ƙa'idar rubutu, wato sanin inda ake sa ƙugiya, inda ake raba kalma, inda ake ɗiga aya. Sannan akwai na uku, wanda shi ne manufar biyun farko: mutum ya ɗauko abin da ke ransa ya sa shi a takarda, wani da ba ya nan ya karanta ya fahimta. Na farko da na biyu ana iya shirya su a Kano ko a Abuja a aiko mana, domin harafin "ɗ" ɗaya ne a Ɗambatta da Daura. Na uku kuwa ba ya zuwa a cikin kwali. Wanda ya rubuta jagora zai iya zaɓen jigo, ya ba da misali, amma bai san abin da ya faru a gidan yaron nan jiya da daddare ba. Misalin da ya bayar tsani ne na hawa. Mu ne muka mayar da shi wurin zama.

Kuma akwai dalilin da ya sa kwafi yake mana daɗi. Aji yana yin tsit. Littafi yana cika. Maki yana da sauƙi, tunda amsa ɗaya ce. Mai duba aiki idan ya zo ya ga shafuka cike, sai ya yaba. Kowa ya gamsu, sai ranar da uwa ta miƙa wa ɗanta farar takarda.

Akwai kuma wani dalili mai tushe, wanda ya kamata mu faɗe shi da ladabi. Kusan dukkanmu a makarantar allo muka fara riƙe alƙalami. A can, malam yana rubuta wa yaro, yaro ya karanta ya wanke, har ya kai ga rubuta wa kansa yana duban Alƙur'ani. A wannan fage kwafi daidai-wa-daida shi ne ibada, domin ba a ƙara wasali ba a ragewa. Wannan horo ya ba mu natsuwa da kiyaye harafi, kuma abin alfahari ne. Amma malaman da suka fito daga wannan makaranta ba su tsaya nan ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u sun rubuta littattafai da waƙoƙi a kan matsalolin zamaninsu, da kalmominsu. Fataken Kano sun yi ta aika wasiƙu da ajami zuwa Gwanja. Sun san lokacin da ake juyawa, sun san lokacin da ake faɗin naka. Alhaji Abubakar Imam ya shiga gasar rubutu ta 1933 da Ruwan Bagaja, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A nan gida kuma muna da marigayi Alhaji Magaji Ɗambatta, ɗan jarida, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa NEPU a 1950, wanda alƙalami ya kai sunan garin nan nesa. Kowannensu ya taɓa zama yaro a gaban malami, kuma akwai ranar da wani malami ya ce masa, "To, yanzu rubuta naka."

Abin da muke faɗa ma masu bincike sun gano shi. A 2018 cibiyar RTI ta Amurka ta wallafa nazarin da ta yi a kan jagororin malamai daga ƙasashe 13. Ta samu cewa jagora yana ɗaga karatun yara sosai, amma wanda aka cika shi da umarni, aka rubuta wa malami kowace kalma, bai kai mai sauƙi tasiri ba. Ma'ana, littafin ya fi amfani idan ya bar wa malami wurin yin tunani.

Yanzu bari mu sauko kan aiki, mu faɗi abin da muka gwada bayan zuwan uwar nan. Ba mu jefar da jagora ba. Mun riƙe jigonsa da manufarsa da jerin matakansa, muka canza abin da ake zubawa a ciki. Ga misalin mako guda a aji huɗu, a kan jigon noma, lokacin kaka.

Ran Litinin ba a rubuta jimla ko ɗaya ba. Muka shigo da zangarniyar gero da ta dawa, muka ɗora a tebur, muka ce kowa ya faɗi abin da ake yi a gidansu a wannan mako. Aji ya kaure. Yaran da ba mu taɓa jin muryarsu ba suka riƙa ɗaga hannu, domin yau an tambaye su abin da suka fi mu sani. Duk kalmar da ta fito muka rubuta ta a gefen allo: dami, rumbu, magirbi, sussuka, shiƙa, ƙaiƙayi, kara, gayya, amalanke. Muka hana a goge gefen nan har mako ya ƙare. Wannan shi ne rumbun kalmomi, duk wanda ya rasa yadda ake rubuta kalma sai ya ɗaga kai ya ɗebo.

Ran Talata malami ne ya yi rubutu, amma a fili, yana tunani da ƙarfi. Muka ce, "Muna so mu ba da labarin ranar da muka ɗaure gero a gonarmu. Da me za mu fara?" Muka rubuta jimla, muka karanta, muka ce ba ta yi ba, muka goge, muka sake. Da gangan muka bar ƙugiya a wata kalma har wata yarinya ta kama mu. Yara suna bukatar su ga cewa babba ma yana gogewa, domin da yawansu sun ɗauka rubutu yana sauka ne cikakke daga sama. Da aka gama, muka goge labarin gaba ɗaya. Wannan gogewar ita ce sirrin makon. Abin da ka bari a allo, shi za ka tarar a littafi.

Ran Laraba aka yi tare. Wani ya kawo jimla, wata ta gyara, wani ya fito ya rubuta. Ga masu rauni muka ba da bakin zare kawai: "A gonarmu an…", "Aikin da aka sa ni shi ne…", "Abin da ya fi ba ni wahala…". Kowa ya ƙarasa da nasa.

Ran Alhamis kowa ya rubuta shi kaɗai. Mai iya jimla biyu ya yi biyu, mai iya sakin layi ya yi. Wanda bai kai ga jimla ba ya zana hoto ya rubuta kalma uku a ƙarƙashi. Ran Juma'a, da yake ranar gajera ce, aka yi karatu: kowa ya karanta wa na kusa da shi, mutum biyar suka karanta wa aji.

Abin da muka gani ran Alhamis ɗin farko bai yi kyan gani ba. Kanta ko'ina, haruffa sun karkace, babu aya. Amma wani yaro ya rubuta cewa kunama ta harbe shi a cikin dami, kakarsa ta shafa masa magani, bai yi kuka ba sai da ya shiga ɗaki. Wata yarinya ta rubuta cewa ta fi son shiƙa da yamma saboda iska, amma ƙaiƙayi yana hana ta barci. Jimlolin nan babu su a kowane jagora. Ran nan muka fara sanin yaran da muka yi wata biyu muna kiran sunansu a rajista.

Sai maganar gyara, wadda ita ce take karya gwiwar malami. Ba a gyara komai a lokaci guda. Yaron da ya ga shafinsa ya yi ja wur zai koma kwafi, domin a can ne ba ya kuskure. Kowane mako mu ɗauki abu ɗaya. Wannan mako ƙugiya: mu nuna musu bambancin baki da baƙi, kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, bata da ɓata, su ga cewa ɗan lanƙwasan nan yana juya ma'ana. Mako na gaba rabawa da haɗawa: "yana" a haɗe, "za mu" a rabe, "gidanmu" a haɗe. Na gaba babban baƙi da aya. A aji mai yawa kuma ba sai an duba kowane littafi kowace rana ba. Layi ɗaya yau, layi ɗaya gobe, kafin mako ya zagayo kowa ya ji hannun malami a littafinsa. Kuma kafin jan biro ya taɓa kuskure, a rubuta wa yaro kalma ɗaya a kan abin da ya faɗa, ko da "Sannu da kunama" ce. Ta haka zai san an karanta shi.

Mun san abin da wasu 'yan'uwa ke faɗa a ransu, domin mu ma mun faɗa. Za a ce babu lokaci, minti 30 ko 35 ba ya isa. Gaskiya ne, amma mintin da muke ɓatawa muna juya sakin layi a allo, yara suna juyawa, shi ne dai mintin. Za a ce babu littafin rubutu. Wannan ma gaskiya ne, akwai yaron da littafi ɗaya yake yi wa darasi shida. Amma an yi Litinin da Laraba da allo kaɗai, ƙananan aji kuma sun yi rubutu a ƙasa a gindin darbejiya kafin su taɓa takarda. Za a ce ai zamani ya canza, kowa saƙon murya yake aikawa a waya. To, saƙon murya ba ya zama shaidar bashi. Ba ya cike takardar asibiti, ba ya riƙe lissafin ƙungiyar manoman rani a bakin madatsar Tomas, ba ya amsa tambayar jarrabawar shiga sakandare. Wanda bai iya rubuta nasa ba, har abada wani ne zai rubuta masa, shi kuma ya dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba.

Za a kuma ce, da wane harshe? Amsarmu ita ce, yaro ya fara da harshen da yake mafarki da shi. Wanda ya iya tsara tunaninsa a Hausa, idan ya zo Turanci kalmomi kawai zai nema. Wanda bai taɓa rubuta tunaninsa a kowane harshe ba, a Turanci haddar insha'i zai yi. Kuma kada mu manta da 'ya'yan Fulani da ke azuzuwanmu, waɗanda wasunsu Hausar ma a makaranta suke ƙarasa koyonta. Su ma a ba su bakin zare, a kuma bar su su kawo kalmomin ruga cikin rumbun kalmomi.

Akwai wani abu da ya shafe mu a matsayin 'yan ƙungiya. Wata rana wani mai duba aiki ya shigo ajinmu ya tarar muna jigon noma, alhali jagora ya ce makon na tufafi ne. Muka yi masa bayani cewa mun musanya makonni biyu don jigon ya dace da kaka. Ya rubuta a rahotonsa cewa malami ya kauce wa tsari. Bai buɗe littafin yaro ko ɗaya ba. Ba mu riƙe shi a zuci ba, domin shi ma takardar da aka ba shi ya cike, kuma babu gurbin rubutun yara a cikinta. Amma mu lura da inda wannan hanya take kai mu. Idan aikin malami ya zama karanta shafi na kaza a rana ta kaza, to ranar da za a zauna maganar albashi da ƙarin girma, wani zai ce ai kowa ma zai iya. Ƙungiyar nan tun 1931 take fafutukar a ɗauki koyarwa a matsayin sana'ar masana. Masani kuwa shi ne wanda aka yarda ya duba halin da ke gabansa ya yanke hukunci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kare wannan haƙƙi yana cikin kare mutuncin aikinmu, daidai da maganar fansho da kuɗin hutu.

Saboda haka muna roƙon shugabannin reshe su isar da waɗannan buƙatu ga Sakataren Ilimi da SUBEB. Na farko, jagora ya isa hannun kowane malami a farkon zango, tare da littattafan rubutu da fensir na yara, domin jagoran rubutu ba tare da takarda ba garma ce babu shanu. Na biyu, a ba malami izini a rubuce ya musanya makonni da misalai gwargwadon yanayin garinsa, matuƙar ya cika manufar darasi. Na uku, mai duba aiki ya riƙa zaɓen yara uku da kansa, ya ba su farar takarda su rubuta jimla biyu a kan abin da suka yi jiya, a auna mu da wannan. Na huɗu, duk lokacin da za a sake buga jagora, a zauna da malaman da ke riƙe da aji a ƙauye. Na biyar, a ƙaro malamai. Tun da aka ayyana ilimi kyauta kuma dole a jihar nan a 2019 yara suka ƙaru, kuma a 2024 gwamnati da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Babu jagoran da zai karanta littafi 100 a madadin mutum ɗaya.

Mu ma akwai namu. Shirye-shiryen masu tallafi suna zuwa suna tafiya, kowanne da wa'adinsa, amma mu muna nan. Muna ba da shawara malaman makarantun da ke kusa da juna su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, kowa ya zo da littattafan yara biyar, masu ƙarfi da masu rauni, a duba tare ba tare da kunya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna kuma roƙon masu shirya mujallar reshe su ware rabin shafi a kowace fitowa don rubutun 'yan firamare, yadda suka rubuta shi. Yaron da ya ga maganarsa a buge, aka karanta wa babansa a zaure, ba zai sake yarda da kayan aro ba.

Ga iyaye kuma, musamman iyalanmu da za su karanta wannan a gida, ba sai kun iya boko za ku taimaka ba. Ku sa yaro ya rubuta muku jerin cefane. Ku sa yarinya ta riƙe muku lissafin adashi. Ku ce a rubuta wa kawu gaisuwa, a karanta muku ku ji. Idan kuka ga kanta a littafi kada ku yi faɗa, alama ce yaron yana tunani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Game da yaron da muka fara da labarinsa, kafin ya bar aji shida ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙar. Uwar ta kawo mana mu gani kafin a ba direba. Akwai kuskure bakwai a ciki, mun ƙirga. Amma taki yana nan, ladan 'yan ƙwadago yana nan, bashi yana nan da sunan mai shi, a ƙarshe kuma ya ƙara da cewa tunkiyarsu ta haifi biyu. Ta ce, "Malam, a gyara?" Muka ce, "A'a, Hajiya, a kai masa haka. Zai gane hannun ɗansa."

Allah Ya sa albarka a cikin allinmu. Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba masu rai lafiya. Ya shirya mana 'ya'yanmu da na amanar da aka ba mu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.